Gargaɗi ga masu son furanni a Maraɗi game da irin orkide na jabu

Ina jan hankalin masu renon furanni a Maraɗi da kewaye, musamman matan da ke ƙawata tsakar gida da tukwanen shuka, game da wani mai talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook da hotunan ƙananan furannin orkide, irin waɗanda ke rayuwa manne da rassan itatuwa a dazuzzuka masu yawan ruwan sama. Cewa yake yi ya shigo da irinsu daga waje, a tura masa kuɗi ta waya tukuna, a karɓi ƙulli a tasha, a shuka cikin rairayi da taki, a ga fure kafin wata biyu. Babu ƙamshin gaskiya a wannan magana.

Na ga ƙullin da wata maƙwabciyarmu ta karɓa da idona, ƴar leda ce da aka manna wa hoton fure, a cikinta akwai baƙaƙen ƙwayoyi masu girman riɗi waɗanda ake iya ƙirgawa da yatsa. Wannan kaɗai ya isa hujja, domin irin orkide gari ne mai laushi kamar ƙurar hunturu, kwanso guda yana ɗauke da dubbai, wani har miliyoyi, kuma ƙwayarsa ba ta da ajiyar abincin da ƙwayar gero ko wake take dogaro da shi lokacin tsira. A daji ba ya tsira sai ya haɗu da wata irin fumfuna da za ta ciyar da shi. Masu sana'ar kuwa, tun 1922 da Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna hanya, cikin rufaffun kwalabe da aka tsarkake suke tsirar da shi a kan wani haɗi mai sukari da sinadarai, sannan su jira shekara uku zuwa biyar, ko fiye, kafin furen farko.

Abin da ya tsiro wa maƙwabciyar tamu ciyawa ce. Da ta yi wa mai tallan magana sai ya ɗora laifin a kan ruwan famfo, ya ce akwai wani maganin gyaran ruwa da ya kamata ta saya a wurinsa, kuma wannan tarko na biyu ya fi ba ni takaici, domin mutum ya riga ya yi hasara, ana kuma amfani da begensa a sake tatsarsa.

Hoton da ya fi ruɗar jama'a shi ne na furen nan mai fuskar biri, wanda masana ke kira Dracula simia. Tsiron gaske ne, amma mazauninsa duwatsun Ekwado masu hazo da sanyi, ba zai iya da zafin watan Afrilu na Maraɗi ba, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Ko ƙananan orkide na nahiyarmu, irin su Angraecum distichum mai fararen furanni da ake samu a kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, suna son danshin iska ya kai kashi 60 cikin ɗari ko fiye, alhali a nan yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rani. Kada a ɗauka irin wannan orkide kauci ne, domin ba ya tsotsar itacen da yake kai, wurin zama kawai yake nema. Saiwoyinsa a iska suke, da wani farin lulluɓi mai shan ruwa ya kuma bushe da wuri, shi ya sa ake ɗaure shi a kan ɓawon itace, ko a sa shi cikin gawayi da ɓawon kwakwa, a inuwa mai haske, ana yayyafa masa ruwan sama. Wanda ya ce a binne shi cikin ƙasa da taki bai taɓa renonsa ba, domin ruɓewa zai yi.

Akwai kuma batun doka. Dangin orkide duka suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ta amince da ita, don haka mafi yawansu ba a ƙetare iyaka da tsiron mai rai sai da izini da takardar lafiyar tsiro, kuma mai sayarwa na gaskiya ba zai ji haushi ba idan aka nemi ya nuna su.

Mai son wannan fure da gaske ya sayi tsiro mai rai, ya duba saiwoyinsa su kasance cike da tauri, masu koren baki, kada ya biya ko dala sai ya gani. Masu shakka suna iya neman shawarar masana tsirrai a cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Tarna ko a sashen aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Waɗanda suka riga suka tura kuɗi kuma, su adana rasit da saƙonnin muryarsa da lambar wayarsa, su kai ƙara wurin ƴan sanda, su kuma sanar da masu kula da zaurukan da yake tallarsa domin a cire shi.