Yini Ɗaya a Legas da Iyali: Tarkwa Bay ko Lekki?

Duk Disamba, idan hazo ya rufe Kaduna, 'yan uwa masu shirin kai yara Legas sukan tambaye ni wanne za su zaɓa.

Tarkwa Bay bakin teku ne, zuwansa sai da jirgin ruwa, kuɗin jirgin kuma kowane kai ne. Amma ruwansa ya fi sauran bakin tekun Legas kwanciya, yara su wuni cikin yashi. Sai dai a sa musu ido sosai, yaran Kaduna ba su saba da teku ba.

Lekki Conservation Centre, wato gandun daji na Lekki, mota ke kai ku. Akwai birai, ga gadar tafiya da ƙafa a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401.

Mai son yaransa su ga teku, Tarkwa. Mai tafiya da Hajiya ko jariri, Lekki ya fi masa sauƙi.