Wasiƙa daga Hamburg: maganar motar gas ɗin da ka ce in nemo maka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso ni, na saurara har sau uku, na ga maganar ta fi ƙarfin muryar minti biyu, shi ya sa na bari sai yau Lahadi na zauna na rubuto. Nan ran Lahadi ko kanti ba a buɗewa, sai zaman ɗaki.

Ka ce abokinka ya gaya maka motocin gas, wato dizal, sun faɗi warwas a Jamus, Turawa na neman kai da su, don haka in samo maka mai ƙarfi in ɗoro ta jirgi. Bai yi ƙarya ba, amma ka san banza ba ta kai zomo kasuwa. Tun 2015, da asirin kamfanin Volkswagen ya tonu cewa ya yi maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa na dizal, darajarsu ta fara zubewa. A watan Mayun 2018 nan Hamburg aka fara hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna biyu, Max-Brauer-Allee da Stresemannstraße, kodayake an ɗage hanin a 2023. Stuttgart ta bi sahu a 2019, nata ma ya fi tsanani. Tsakiyar Berlin kuwa tun 2008 ba ka shiga sai da wata sitika a gilashin gaba, yau kuma sai koriya. Kowace mota a nan tana da ajin hayaƙi, Euro 3, Euro 4 har zuwa Euro 6, kuma iya ƙanƙantar lambar iya yawan ƙofofin da ake rufe mata. Wannan ne dalilin arahar.

Bari in ba ka labarin yadda na sha tawa, wanda na ɓoye muku a lokacin don kada hankalin Hajiya ya tashi.

Ka san aikina a wani sito yake, bayan gari, kusan kilomita 40, kuma ƙarfe biyar na asuba ake kamawa. A wannan lokacin jirgin ƙasa da bas ba sa kai ni kan kari, dole sai mota. Lasisinmu na gida wata shida kawai yake aiki a nan, daga nan sai ka sake jarrabawa daga farko, ta takarda da ta titi, kamar ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Wannan kaɗai ya cinye min ajiyar shekara. Da ƙyar na sake haɗa Yuro 2,000, na ga tallar wata motar dizal a intanet, na nufi wani filin dillalai a gefen gari inda ofishin kwantena ce. Motar sai sheƙi take, har injin an wanke shi fes. Na dafa bonet na ji ɗumi. Dillalin ya ce ai saboda sanyi ya tayar da ita tun kafin in iso, don kada in sha wahala. Har godiya na yi masa, Yaya.

Dokar nan ta ce dillalin da ya sayar wa mutum mota ta hannu, alhakin duk wani aibin da ta zo da shi yana wuyansa aƙalla shekara guda. Shi kuwa sai ya rubuta a takarda cewa ni ma ɗan kasuwa ne, waje zan fitar da ita. Jamusancina a lokacin bai wuce na sayen burodi ba, na rattaba hannu. Sati uku aka yi. Wata asuba na murza makulli, ta yi ta tari, ta cika layinmu da farin hayaƙi, ga wata ƙara kaf-kaf-kaf daga wajen kulochi. A gareji suka ce nozul biyu, masu fesa mai cikin injin, sun mutu, kuma faifan ƙarfen da ke bayan kulochi ya gama yawo. Kuɗin da suka lissafa ya fi abin da na sayi motar.

A nan ne na yi kewar Ƙofar Ruwa. Da a gida ne, bakanikenka zai kwance ta a gindin bishiya, ya tura yaro ya zaɓo nozul na hannu, ya ɗaura, kuɗin aiki kuma a daidaita har da ragin sanayya. Nan awa ɗaya ta bakanike a gareji da yawa ta haura Yuro 100, sai ka nemi rana tukuna, kuma ba sa lallaɓa abu, cirewa suke su sa sabo. Amma in yi musu adalci: abin da suka ce sun sa, shi suka sa, ga rasit, kuma ba ka kwana da fargabar ko baƙin man da aka juye maka jabu ne. A gida aiki ne da araha, kaya ke da wuyar sha'ani. Nan kaya na gaske ne, hannun da zai ɗaura ne ya fi ƙarfin talaka.

Ƙarshenta na sayar da ita Yuro 400 ga masu soka ƙananan katuna a gilashin mota, waɗanda ke rubuta cewa suna sayen kowace iri, mai tashi da marar tashi. Su ne ke tura su wajenmu. In ka bi ta titin Billstraße na nan Hamburg ka ga firji da taya da injina ana ɗura wa kwantena, sai ka rantse wata kasuwar gida aka ɗauko aka dasa. Ban raba ɗayan biyu ba motar tawa tana can wani fili an sake wanke ta, ana ce wa wani bawan Allah 'yar Beljiyam ce, tsohuwa ce ta hau ta zuwa coci kawai.

Wanda ya buɗe min ido wani Bahaushen Gana ne, ɗan zangon Kumasi, bakanike, da muke haɗuwa a masallacin Juma'a wajen Steindamm. Mutanen Gana suna da yawa a garin nan. Da na ba shi labari sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce: “Ɗan'uwa, injin da aka wanke yoyo ake ɓoyewa, wanda aka ɗumama kuma tari ake ɓoyewa. A ƙasar nan fenti ba ya shaida, takarda ke shaida.” Ya ce in na samu wata in kira shi mu je tare, kuma in gaya wa mai ita kada ya kuskura ya tayar da ita kafin mu zo.

Mun samu a wani ƙauye kusa da Lüneburg, wajen wani tsoho da ido ya fara gaza masa. Skoda Octavia ce ta 2008, mai injin dizal 1.9 TDI, ta yi kilomita 230,000. Da a ce kai ne, ko kallo na biyu ba za ka yi mata ba: kujerar direba ta koɗe, ga tabon tsatsa a bakin tayar baya. Tsohon ya zaunar da mu a kicin, ya zuba mana kofi, ya ɗauko wani fayil mai kauri kamar na shari'ar gado. Duk juyen man da aka taɓa yi yana ciki da hatimin gareji, da rasit ɗin bel ɗin cikin injin da famfon ruwa. Bel ɗin nan kuwa in ya tsinke ana tafiya, injin ya tashi aiki, shi ya sa ya zama tambayar farko. Abokina bai ko kalli mitar mota ba sai da ya jera takardun TÜV. Wannan binciken lafiyar mota ne da ake yi duk shekara biyu, tun daga birki da fitila har hayaƙi da tsatsa, a manna ƙaramar sitika a lambar baya, kuma kowace takarda tana ɗauke da kilomitar ranar. Murɗa mita laifi ne a nan, amma ana yi. Sai dai wanda ya mayar da mita baya ba zai iya mayar da takardun shekara goma ba.

Bayan nan muka fita. Ya dafa bonet, sanyi ƙalau. Ya sa ni na murza makulli shi yana tsugune a bakin salansa. Tashi ɗaya, babu hayaƙin kirki. Sannan ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da bayan sukuddireba. A gida ramuka ne ke cin mota, nan gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye ta daga ƙasa, kuma in tsatsa ta huda inda bai kamata ba, TÜV ba za su ba ka sitika ba ko injin na waƙa. Muka hau babban titi, ya taka ta sosai yana sauraro. Na biya Yuro 2,300, tsohon ya haɗa min da tayoyin sanyi guda huɗu.

Yau shekara biyu ke nan, ban da birki da batir ba ta nemi komai ba. Tana shan abin da bai kai lita shida ba a kilomita 100. Amma kada ka ɗauka kyauta ake zama da ita. Harajin mota irin tawa Yuro 15.44 ne a kan kowane cc 100 na injin, wato Yuro 293 duk shekara, alhali mai fetur ta zamaninta da injin 1.6 Yuro 108 take biya. Inshora dole ce, ba a ma ba ka lamba sai da ita, kuma baƙo sabon lasisi shi ake fi tatsa. Inda ake fanshewa shi ne gidan mai, don gwamnati na karɓar wajen santi 47 a litar dizal, fetur kuwa wajen 65. Ko wannan ma ba tabbas ba ne, a 2022 an yi watanni dizal na sama da fetur. Mutanen nan na cewa in ba ka cin kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara, dizal ba taka ba ce. Ni ina cin fiye da haka, kuma duk a miƙaƙƙen titi.

To kai fa, Yaya? Daga gida zuwa Kantin Kwari, a kai yara makaranta, a tsaya a cunkoson Ƙofar Mata. Lissafin gaba ɗaya a kife yake. A gida gas ya daɗe da fita daga tallafi, kuma ko bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, galibi shi ne a sama. Ribar da nake ci a gidan mai, kai asara ce.

Babbar matsalar ma ba farashi ba ce. Motocin dizal na Euro 5 zuwa sama, wato kusan duk wadda aka yi daga 2011, suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai ta yi zafi kamar maƙera, wajen digiri 600, kuma hakan sai a doguwar tafiya. Mai gajeren zango a cikin gari toshe ta yake yi, fitila ta kama, kwamfutar mota ta rage mata ƙarfi ta koma tafiyar hawainiya. An kuma ƙera su ne don man nan, wanda kusan babu farar wuta a cikinsa. Nozul ɗinsu ya fi allura tsini, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya kashe shi, balle ranar da aka yi ƙarancin mai ka sayi galan a hannun 'yan bumburutu. Na Euro 6 da yawa har da wani ruwa na daban ake zuba musu, AdBlue, wanda in ya ƙare motar ba za ta sake tashi ba ko ka yi kuka. Masu gyaran injin gas a wajenmu kuwa gwanayen tifa da tirela da janareto ne. Ban raina su ba, amma wannan aikin kwamfuta ne da kayan da sai an yi odarsu.

Na san abin da ke ranka, tsohuwar Marsandi irin ta marigayi Baba, wadda ko me aka zuba mata sha take ta wuce. Waɗannan sun haura shekara 30, nan an mayar da su kayan tarihi, har lamba ta musamman ake ba su mai harafin H a ƙarshe. Mai kyau a cikinsu ta fi ƙarfin aljihuna, marar kyau kuma tsatsa ce da taya huɗu.

Ga kuɗin jirgi zuwa Legas, ga kwastan da ke da nasu lissafin ba ruwansu da abin da na biya, kuma tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, don haka maganar a sauke a Kwatano ba ta taso ba. Motocin nan kuma ƙasa-ƙasa suke, an yi su don titin da ba rami. Masu arahar da yawa na'urar sanyaya ciki ta daɗe da mutuwa mai ita bai ma sani ba, amma za ka samu kujera mai ɗumama mazauni. Ka ga amfaninta a Kano cikin watan Afrilu.

Shawarata, ka nemi Corolla mai fetur a nan gida, wadda kowane yaron gareji ya san cikinta kuma kayanta na zube a kasuwa. Ka je da bakanikenka da sassafe, ka ce kada a tayar kafin ku zo, ka dafa bonet da hannunka. In an wanke injin, ku ce za ku dawo bayan kwana uku. Abin da na tanada don kuɗin jirgi zan turo maka ƙarshen wata in Allah ya yarda, ka cika da naka.

Akwai wani ɗan unguwarmu da zai taso wata mai zuwa. A ba shi kuka da daddawa da yaji, amma kada a sa kilishi, a filin jirgi ƙwacewa suke. Ka gaishe min da Hajiya da Anti da yara, ka ce wa Hajiya ina sa rigar sanyi.

Naka ƙane.