Mai tura bidiyo na bayan babbar kasuwa da faifan yaƙin Biyafara

Jama'a masu son tarihi, akwai wani shagon tura finafinai a bayan babbar kasuwa ta nan Maradi, ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu da benci guda, amma yaron da ke wurin ya san aikinshi. Ka miƙa mishi salula ko katin memori ya zuba maka abin da kake so, dala arba'in ya karɓa wurina ya tura min faifan tarihin yaƙin basasar Najeriya, wato yaƙin Biyafara, yankin gabas da ya ɓalle, mai fassarar Hausa. Hoto fes, murya na fita rau, kuma bai cika min waya da tarkacen waƙoƙin da ban tambaya ba kamar yadda wasu ke yi. Matsalar shagon guda ce, in kuran ya ɗauke sai dai ku zauna kuna kallon juna, babu inji.

To faifan kanshi fa. Farkonshi ya yi daɗi ƙwarai, daga fara harbi 6 ga Yuli 1967 har yadda Kanar Benjamin Adekunle na sojojin gwamnatin Najeriya, wanda ake ce ma Baƙar Kunama, ya bi ta ruwa da rundunarshi ta 3 ya ci Bonny da Kalaba, ya zo ya karɓe Fatakwal a Mayun 1968. Mai fassarar yana da baki wallahi, in yana kirarin Adekunle sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Wurin da aka nuna yaran da yunwa ta kama kuwa ya yi shiru ya bar hoto ya yi magana, wannan na yaba mishi.

Inda ya ɓata min rai shi ne wurin canjin kwamanda. Kawai sai ji ka yi ya ce Gowon, shugaban Najeriya na lokacin, ya cire Adekunle ya kawo Obasanjo, shi ke nan an wuce, kamar an canza direban mota a tasha. Haba! Ai nan ne naman labarin yake. Adekunle ya ɗau alkawarin cin Owerri da Aba da Umuahia, ya samu biyun farko a Satumban 1968 amma Umuahia ta gagare shi, sojojinshi sun bazu sun gaji, 'yan Biyafara suka zagaye birget ɗinshi, wato rukunin sojojinshi da ke cikin Owerri, wata da watanni har sai ta jirgin sama ake jefa musu abinci da harsasai, ƙarshe a Afrilun 1969 sojojin da aka zagaye suka fasa suka fice garin ya koma hannun Biyafara. Umuahia ma runduna ta 1 ta Muhammadu Shuwa ce ta ci ta a wannan watan. Kuma ba Adekunle kaɗai aka taɓa ba, a Mayun 1969 duka rundunonin uku aka sauya ma shugabanni, Bisalla ya karɓi ta 1, Jalo ya karɓi ta 2. Duk wannan babu ko kalma. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka Obasanjo ya sauko ne kurum ya share fage har Effiong, mataimakin jagoran Biyafara Ojukwu, ya miƙa wuya 15 ga Janairun 1970.

Sannan mu 'yan Nijar an manta da mu sarai, alhali a Yamai aka yi zaman sulhu a Yulin 1968, Ojukwu da kanshi ya zo, kuma shugabanmu na lokacin Diori Hamani ya tsaya bayan Gowon duk da Faransa na tallafa ma Biyafara.

Na koma na tambayi yaron ko yanke faifan aka yi, ya ce "wallahi babban yaya haka na same shi, in cikakken ya shigo zan ajiye maka." Ku je ku tura, kuɗin bai fi na shayi da burodi ba, sai dai ku tafi da katin da ke da fili don faifan na da nauyi, kuma ku je da safe kafin 'yan makaranta su cika bencin.