Wata biyu da takalmin ɗaure idon sawu: abin da na gani

Ranar wata Laraba ce cikin Agusta, an tashi da ruwa tun asuba. Na sauko daga adaidaita sahu a bakin kasuwa, hannu ɗaya riƙe da ledar samfurin atamfa, ɗayan yana laluben canji a aljihu, sai ƙafata ta dama ta sauka a gefen murfin kwalbati. Sawun ya lanƙwashe ciki, na ji "ƙas" kamar an karya tsinke, na durƙushe cikin caɓi. Mai adaidaitan ya ce, "Subhanallahi, sannu Alhaji!" ya kama ni ya zaunar a bencin mai shayi. Kafin azahar idon sawun ya yi suntum, kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata.

Tun da na koma shago mutane ke tambayata ina na samo abin nan mai igiya da ke ƙafata, kuma ko yana aiki. Amsar ba ta tsayuwar bakin shago ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Daren farko ni na cuci kaina. Inna ta zo dubiya, ta kalli ƙafar ta ce, "Jini ne ya taru, miƙo nan a gasa." Wa zai yi musu da mahaifiya? Aka dafa ruwa, aka dinga dannawa da tsumma, aka mulke da man zafi. A lokacin na ji daɗi, ban ɓoye ba. Da gari ya waye kumburin ya ninka, fatar ta yi baƙi-baƙi har gindin yatsu. Yaya ya ce a tafi wurin mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, gado ne kuma sun taimaki jama'a, amma su da hannu suke lalube, kuma likitocin ƙashi sun daɗe suna kuka da ɗaurin karare mai tsanani da ke tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Na ce masa, "Yaya, a bari a ɗauki hoto tukuna, in ya so sai mu san inda muka dosa."

Likitan da ya duba ni bai fara da hoto ba. Da ɗan yatsa ya bi bayan ƙashin nan biyu da suka turo a gefe da gefen idon sawu yana dannawa, sannan ya danna wani ƙashi a cikin sawun, ya koma gindin ƙashin da ya miƙe zuwa ƙaramin yatsa. Sai ya ce in yi taku huɗu. Na yi, da ɗingishi da cije leɓe. Ya ce wannan gwaji likitocin birnin Ottawa na Kanada suka fito da shi a 1992, don a rage ɗaukar hoton da ba a bukata: idan mutum ya iya taku huɗu, kuma ƙashin bai yi zafi a waɗannan wuraren ba, da wuya a ce karaya ce. Ni da ya danna gindin ƙaramin yatsan sai da na yi ƙara, don haka aka tura ni hoto. Alhamdulillahi babu karaya, babu tsagewa. Da an samu, ya ce Asibitin Ƙashi na Dala zai rubuta mini.

Targaɗe ne, mataki na biyu cikin uku. Jijiyoyi uku ne ke ɗaure ƙashi da ƙashi a wajen idon sawu, ta gaban ita ke fara yagewa idan sawu ya lanƙwashe ciki. A mataki na farko miƙewa kawai take yi, na biyu ta yage amma ba ta tsinke ba, na uku ta rabu gaba ɗaya. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, saboda haka jin an ce "hotonka lafiya lau" ba ya nufin ka tashi ka kama gudu. Ya kuma ce ruwan zafi da murza a kwana biyu zuwa ukun farko buɗe hanyoyin jini suke yi, su ƙara kumburi. Na yi shiru, ban ambaci Inna ba.

Aka ce in huta, in ɗora ƙanƙara, in ɗaure, in ɗaga ƙafar sama da ƙirji. Ƙanƙara a unguwar da wuta ke zuwa in ta ga dama? Uwargida ce ta samo dabara, ta riƙa aika yaro wurin mai firiza ya sayo ledar fiya wata da ta daskare, a naɗe ta a ɗankwali, a ɗora minti 15 zuwa 20, sau huɗu ko biyar a yini. Likitan Amurkan da ya yaɗa wannan tsari a 1978, Gabe Mirkin, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce ƙanƙara ba ta hanzarta warkewa. Zafi dai take kashewa, ni kuma abin da nake nema ke nan. Magani farasitamol kawai na sha, an hana ni dikulofenak da 'yan uwansa saboda olsa.

Wajen ɗauri na fara da bandejin naɗi na kemis. Arha gare shi, amma ko ya kwance kafin ka kai ƙofar gida, ko ka matse shi yatsu su yi sanyi su fara tsira-tsira. Na sayi safa mai matsi, ita kuma banda ɗumi ba abin da ta tsinana. A kwana na biyar ne likitan ya rubuta mini sunan wannan takalmin, aka samo shi a shagon kayan asibiti. Kuɗinsa ya kai na bandeji biyar ko shida.

Ka ƙaddara takalmin ƙwallo ne aka yanke masa gaba da dunduniya, aka cire tafin. Yadi ne mai kauri, da igiya a gaba, da wasu siraran robobi masu tauri a gefe biyu, sai maɗauri biyu masu mannewa da ke bi ta ƙarƙashin sawu su gitta juna su hau sama. Hikimarsa ɗaya ce, kuma ta ishe shi: sawu na iya yin sama da ƙasa yadda tafiya ke bukata, amma ba ya iya lanƙwashewa gefe. Ranar da na fara sa shi na taka daga ɗaki zuwa zaure ba sanda. Fargabar nan ta "yanzu zai sake gocewa" ta ragu ƙwarai, kuma da yake igiya ce, ina sassautawa da yamma in ƙafar ta kumbura, in ƙara matsewa da safe. A mako na biyu na koma shago.

Aibinsa kuwa, wanda ya ƙera shi bai san da alwala ba. Sau biyar a yini sai ka kwance maɗauri biyu, ka sassauta igiya, ka zare, ka jira ƙafa ta bushe, ka mayar. Da farko minti biyar yake ci mini, har na rasa raka'a ba sau ɗaya ba. Sallar ma a kujera na yi ta mako biyu, don kafe ƙafar dama a zaman tahiya ya gagara, da takalmin ko babu shi. Ga zafi. In ba ka sa siririyar safar auduga a ciki ba, gumi zai sa ɗinkin baya ya goge maka fatar agara, kuma cikin kwana uku zai fara wari. Ba ya shiga sau-ciki, sai takalmi mai maɗauri ko kambas mai faɗi. Wurin mannewar kuma ya kwashi zaren atamfa da ƙurar shago har ya daina kamawa sosai, sai da na riƙa tsefe shi da tsohon buroshin haƙori. Kuskuren da na yi wajen saye shi ne na gwada shi ƙafa na kumbure, da ta saɓe sai ya yi mini ɗan yawa.

A mako na uku na ji garau, na fita tsakar gida ba shi, na taka ɗan dutse, sawun ya yi rawa kamar ba nawa ba. Abin da ya kai ni sashen gashin ƙashi ke nan. Wata matashiyar likita ce, ta juya takalmin a hannunta ta ce, "Baba, wannan mai kyau ne, amma ƙarfin aro ne. Tsaya mini da ƙafa ɗaya." Ko daƙiƙa biyar ban yi ba na dafa bango. A ƙafar hagu kuwa na wuce talatin. Ta ce jijiyoyin nan ba ɗauri kaɗai suke yi ba, su ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda sawu ya sauka, in sun yage sai saƙon ya riƙa makara. Shi ya sa wanda ya taɓa targaɗe ya fi kowa saurin maimaitawa, kuma babu takalmin da zai gyara wannan.

Ta ba ni aikin gida da ya ba yarana dariya. In zauna in rubuta a, ba, ca a iska da babban yatsa. In saƙala tawul a tafin sawu in jawo. In tura sawun waje da roba mai miƙewa, sau goma sha biyar, zagaye uku. In tsaya da ƙafa ɗaya, in na iya sai in rufe ido, in na iya sai in hau kan filo. Ni a lokacin goge baki nake yi, safe da dare. Daga mako na biyar ta ce in cire takalmin a cikin gida, in sa shi in zan shiga kasuwa kawai.

Wasu bai kamata su saya ba sai likita ya gan su. Wanda ya kasa taku huɗu, ko gaɓar ta karkace, ko akwai rauni a buɗe, ko yatsun sun mutu sun yi sanyi. Haka yaro ƙarami, don ƙashinsa a wurin tsiro ya fi jijiyarsa rauni, abin da ake zaton targaɗe yana iya zama karaya. Mai ciwon suga ya yi hattara da duk abin da ke matse ƙafa. In kuma tsokar ƙwauri ce ta ɗaure, ko ka ji kamar an harbe ka a agara alhali ba kowa a bayanka, wannan takalmin ba ruwansa da ciwonka.

Yanzu mako na tara ke nan. Ina zaman tahiya daidai, sai ɗan tsami da asuba in an yi sanyi. Takalmin yana cikin durowar shago, ina ɗauko shi ranar sauke kaya ko in za mu je gona. Da za a ce in sake saye zan saya, amma lamba ɗaya ƙasa, da safa biyu tun ranar farko. Inna kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin yadda gashinta ya tayar da ni, ni ma ina gefe ina cewa, "Ƙwarai kuwa, Inna."