Wata goma bayan na ɗaura wa motata sufacaja a gida

Motar da nake magana a kanta Scion FR-S ce ƙirar 2013, mai giyar hannu shida, wadda na saya ta hannu bayan an shigo da ita daga Amurka. Ita ce aka sayar a wasu ƙasashe da sunan Toyota GT86, kuma tagwaye suke da Subaru BRZ, domin a masana'antar Subaru da ke Gunma a ƙasar Japan aka ƙera su duka. Injinta mai silinda huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, girmansa lita 2, ƙarfinsa doki 200. Duk mai irin wannan mota ya san halin injin: idan allurar juyi ta shiga tsakanin 3,500 da 4,500, ƙarfin jan yana ɗan yin sanyi kafin ya sake farfaɗowa, kuma a daidai wannan wurin ne mutum yake buƙatarsa idan ya fito zai wuce tirela a hanya mai layi ɗaya. Wannan ne ya sa na yi odar kayan sufacaja daga wani kamfanin ƙasar waje, na kuma yanke shawarar ɗaura su da hannuna a rumfar mota ta gidanmu a Kano.

Ga wanda bai san ta ba, sufacaja zugazugin maƙera ce aka ɗaura wa inji. Inji yana ƙona fetur ne gwargwadon iskar da ya shaƙa, saboda haka idan aka cusa masa iska da ƙarfi aka kuma ƙara masa mai daidai da ita, sai ƙarfinsa ya ƙaru. Iskar da ke kewaye da mu tana da matsi na kusan psi 14.7 (psi ma'aunin matsi ne) a bakin teku, wato idan aka ƙara psi 7 a kai, an ƙara wa injin kusan rabin abin da yake shaƙa a da, ko da yake zafi yana cinye wani ɓangare na wannan ribar. Bambancinta da turbo shi ne hayaƙin da ke fita ta salansa ne yake juya turbo, ita kuwa fanbel ne yake juya ta kai tsaye daga karanshaf, shi ya sa ba ta jinkiri idan an taka totur, amma kuma tana cin wani abu daga ƙarfin da ta samar. Kwatancen zugazugin ba na ƙirƙira shi don daɗin baki ba ne, domin irin wadda na saya ta samo asali ne daga na'urar da wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, suka yi wa rajista a 1860, aka kuma yi ta amfani da ita wajen hura iska cikin tanderun narka ƙarfe. Masu hawa Marsandi mai rubutun Kompressor a bayanta sun daɗe suna yawo da sufacaja a titunanmu, ko da wasunsu ba su san ma'anar rubutun ba.

Kayan sun iso a kwali biyu manya. A ciki akwai ita sufacajar haɗe da sabon manifol na alminiyam (bututun da ke raba iska zuwa silinda), da ƙaramin lagireto mai sanyaya ruwan da ke sanyaya iska, da famfon ruwa mai aiki da lantarki, da tiyo-tiyo, da dogon fanbel, da sabuwar na'urar auna matsin iska, da jakunkunan noti kowace da lambarta. Ƙarafan da ke juyawa a cikinta na kamfanin Eaton ne, samfurin TVS 1320, kowanne da ɓangarori huɗu da aka murɗa digiri 160, suna tura lita 1.32 na iska a kowane juyi. Ingancin ƙarfen da gyaran fuskokinsa ba su da abin kushewa, kuma babu ramin noti ko ɗaya da ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa. Inda na rage musu maki shi ne littafin bayani. Hotunansa ƙanana ne kuma duhu ya yi musu yawa, zanen hanyar da fanbel zai bi kuwa sai da na ɗauke shi da waya na faɗaɗa kafin na gane ta wane gefen altaneta zai wuce. Littafin ya nuna aikin na yini ɗaya ne. Ni da ƙanena mun fara bayan sallar Juma'a, ba mu tayar da injin ba sai ranar Litinin da hantsi.

Kwance kayan asali bai yi wahala ba. Mun cire kan batir, mun sauke matsin fetur da ke cikin bututu kafin mu taɓa shi, mun cire bambar gaba, sannan muka ɗaga tsohon manifol na roba. A nan ne na fara ganin illar yin irin wannan aiki a watan Disamba. Da zarar an ɗaga manifol, ramukan shigar iska guda huɗu suna buɗe suna kallon sama, ga iskar hunturu tana kwaso ƙura daga ƙofar gida. Na cusa tsumma mai tsabta a kowane rami, na kuma rufe da salatif, kuma wannan ɗan abin ne ya cece ni. Da yammacin Asabar, muna shirin ɗora sabon manifol, ƙanena ya tsaya yana kallon farantin da muke zuba ƙananan kaya, ya ce, "Yaya, ka ƙirga notin nan kuwa? Shida muka kwance a nan, biyar nake gani." Muka ajiye komai muka shiga nema da tocila, ƙarƙashin mota, cikin yashi, bayan injin, har aka kira magariba. Daga ƙarshe da sandar maganaɗisu na zaro shi, yana kwance a kan tsumman ramin baya na hagu, inda salatif ɗin ya ɗan ɗago. Da babu tsumman, da notin ya gangara kan bawul, kuma juyi ɗaya ya isa ya fasa fistin.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Nozul ɗin fetur da ke bakin ramuka ana mayar da su kan sabon manifol, kuma robobinsu suna son a ɗan shafa musu bakin mai don kada su yage. Duk wanda ba shi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri kada ma ya fara, domin noti a jikin alminiyam ba ya yafe ɗaurin ganganci. Canza fulogi ya ci mana rabin yini, saboda a injin kwance fulogin suna fuskantar bangon mota da ɗan tazara kaɗan, sai an haɗa gajerun sifanu ana juyawa da yatsu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne fitar da iska daga hanyar ruwan sanyaya iska. Famfon yana ƙara kamar yana aiki, amma ruwan ba ya zagayawa, sai da muka ɗaga gaban motar da jak muka yi ta matsa tiyo da hannu kafin kumfar ta fito. Littafin ya gama wannan maganar a layi ɗaya, alhali ita ce za ta nuna ko iskar da ke shiga inji za ta yi sanyi ko a'a.

Sai dai duk wannan, a ganina, rabin aikin ne kuma shi ne rabi mai sauƙi. Ɗaya rabin ba ya cikin kwali. Kwamfutar motar, wadda makanikai suke kira ƙwaƙwalwa, ba ta san an ƙara iska ba, dole a sake mata lissafin mai da na lokacin kunna wuta, kuma lissafin da ya zo da kayan an yi shi ne don fetur mai lambar oktan 91 ko 93 ta Amurka, wato lambar da ke nuna yadda fetur yake jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. A nan akwai tarko, domin ma'aunin da ake rubutawa a famfunan Amurka ba ɗaya yake da na RON da yawancin ƙasashe suke amfani da shi ba: 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95, 93 kuma kusan 98. Mu kuwa a gidan mai fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi, kuma na wannan gidan ba lalle ya zama daidai da na wancan ba. Ga shi kuma injin wannan mota tun daga masana'anta yana matse cakuɗen iska da mai sau 12.5, wanda ya yi yawa ga injin da za a ƙara wa matsi. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin fetur, wani ɓangarensa yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, kuma wannan bugun ne yake cin fistin ya lanƙwasa konrod.

A watannin sanyi ban ji komai ba, har na fara yaba wa kaina. Da Afrilu ta shigo, zafi ya haura digiri 40, wata rana da azahar na fito daga cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, na taka totur a giya ta uku, sai na ji wani ƙyas-ƙyas siriri na ɗan lokaci, motar kuma ta yi nauyi. Na kai ta wurin wani dattijon makanike da ke unguwarmu, wanda bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba amma kunnensa ya fi nawa shekaru. Ya zauna a gefena muka zagaya, na sake takawa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙafarka. Injin nan tsakuwa yake taunawa." Na ce, "Baba, ai kwamfuta tana gyarawa da kanta." Ya ce ita kwamfutar sai ta ji bugun tukuna take gyarawa. Gaskiyarsa ce, domin na'urar jin bugu tana janye lokacin wuta ne bayan abin ya riga ya faru, kuma bayanan da na ɗauka da kwamfutar tafi-da-gidanka a daren nan sun nuna tana ta janyewa.

Maganin ya ɗauki makonni. Na biya wani ƙwararre a ƙasar waje, ina ɗaukar bayanan injin a kan hanya ina aika masa ta imel, yana gyara lissafin yana dawo mini da shi, har zagaye biyar. Ya ja lokacin wuta baya, ya ƙara mai a inda matsi ya yi yawa, sannan ya ba ni shawarar sanya fuli (faifan da fanbel yake juyawa) mafi girma a kan sufacajar domin ta rage gudu, matsin ya ragu. Na yi hakan ba da son raina ba, don kuwa na biya kuɗin ƙarfin da na dawo ina ragewa da hannuna. Duk lokacin da zan loda sabon lissafi sai na jona batir da caja a kan janareta, saboda idan wuta ta yanke ana tsakiyar lodi kwamfutar motar tana iya mutuwa. Na gwada maganin ƙara oktan na kwalba, ya taimaka, amma yana da tsada kuma irin wanda na samu ya bar jan tsatsa a kan fulogi, don haka na bar shi sai ranar doguwar tafiya. Na kuma ƙara na'urar sanyaya bakin mai, wadda ba ta cikin kayan, amma a ƙasa mai zafinmu ina ganin wajibi ce.

Yanzu da komai ya zauna, motar ta zama abin da na nema. Sanyin nan na tsakiyar juyi ya ɓace gaba ɗaya, jan yana farawa tun daga ƙasa yana tafiya a miƙe har kusa da 7,400 inda jan layi yake, kuma wuce babbar mota da a da sai na sauko giya ta uku yanzu ina yin sa a ta biyar hankali kwance. Akwai wani kuka siriri da take yi idan an taka sosai, wanda ni yana yi mini daɗi, mai ɗakina kuwa ta ce kamar injin markaɗe. A tafiya ta natsuwa shan mai bai ƙaru sosai ba, domin akwai bawul da ke buɗewa ya bar iskar ta zagaya idan ba a buƙatar matsi, amma idan ƙafa ta yi nauyi tankin lita 50 ba ya daɗewa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tayoyin asali masu faɗin 215 sun daina riƙe ƙarfin, sai da na canza su, kulocin ma ya fara nuna alamar zamewa a giya ta shida, kuma shi ne kashe kuɗi na gaba.

Hukuncina shi ne kayan suna da inganci, kuma mai haƙuri da kayan aiki na ƙwarai zai iya ɗaura su a gida. Amma kuɗin da ke jikin talla ba shi ne kuɗin ba. Bayan jigila da kuɗin kwastan, akwai ladan mai gyara lissafi, da fuli, da na'urar sanyaya bakin mai, da tayoyi, da kuloci. Wanda motarsa ɗaya ce kuma da ita yake kai yara makaranta, ban ba shi shawara ba. Wanda yake da wata motar kuma ya riga ya samu wanda zai gyara masa lissafi daidai da fetur ɗin garinsa, ya yi magana da shi tun kafin ya tura kuɗin kaya, ya kuma fara da fuli babba. Ni har yanzu gidan mai ɗaya nake sha, ina duba fanbel da ruwan sanyaya iska duk ranar Asabar, kuma zan sake ɗaukar bayanan injin a watan Maris kafin zafi ya dawo. Tsohon manifol ɗin da notinsa shida suna cikin kwali a sito.