Na je situdiyo koyon ɗaukar hoto, ga abinda ya burge ni da wanda bai min ba

Wata shida kenan da na sayi kamara, Canon 2000D ce da lens ɗin nan 18-55 da take zuwa dashi, kuma dalilin sayenta ɗaya ne, ina son in riƙa ɗaukar mahaifiyata da yarana hoto mai kyau wanda za'a wanke a ajiye ba wanda zai ɓace ranar da waya ta lalace ba. To amma duk wata shidan nan abinda nake samu fuska ta fito baƙi ƙirin, in kuma dare ne komai dishi-dishi kamar an shafa mai a gilashi, har na fara tunanin ko in sayar in ƙara kuɗi in sayi babba. Ana cikin haka naji labarin wani situdiyo da ke koyar da masu farawa na kwana ɗaya, kuma suna ɗaukar hoton iyali da na fasfo su wanke maka. Naje duka biyun, koyon da ɗaukar, shi yasa nace bari in rubuta ko wani zai amfana.

Wajen ba wani babba bane, ɗaki ɗaya na ɗauka da labulaye uku fari da baƙi da ruwan toka, fitilu uku a kan ƙafafunsu, sai ɗan lungu inda yaron dake gyara a kwamfuta yake zama. Tsaf yake kam, ba waya a ƙasa da zaka harɗe.

Abinda ya fara sa na yarda da mai wajen shine ko kallon kamarata baiyi ba da farko. Cewa yayi ƙanena ajiye ta tukun, ciro wayarka. Ya kashe duk fitilun ɗakin ya kaini bakin taga ya tsayar da yaronsa, yace ɗauke shi taga na bayansa, na ɗauka, yace to yanzu taga na gabansa, na ɗauka, sannan yace ya juya taga ta zama a gefensa kaɗan. Wallahi hoto uku, waya ɗaya, mutum ɗaya, cikin minti biyu, amma kamar ba a waje ɗaya aka ɗauka ba. Na farko inuwa ce kawai, na biyu ya fito amma fuskar a shafe, na ukun kuwa hanci da kumatu da ido duk sun fito da siffarsu har da ɗan ƙyallin nan a ƙwayar ido. Yace min kaga kenan, kafin ka taɓa wani maɓalli ka fara duba daga ina haske yake zuwa. Wannan abun shi kaɗai ya biya zuwan da nayi, domin wata shida ina tsayar da yara a gaban ƙofa rana na bayansu sannan in zo ina zargin kamara, alhali ita bata da laifi.

Daga nan muka shiga maganar da tafi damuna, wato fatarmu. Nace Malam me yasa in mutum baƙi ya sa fararen kaya sai fuskar ta nutse? Yace ai kamara bata san mutum ba, ita ma'aunin hasken cikinta an gina shine akan cewa duk abinda ta kalla in an gauraya shi zai dawo ruwan toka na tsakiya, wanda ake cewa kashi 18 cikin ɗari. To in farin kaya ko farin bango ya cika hoton sai ta ɗauka haske yayi yawa ta rage, farin ya koma toka-toka, fuskar kuma data riga ta fishi duhu ta ƙara nutsewa. Maganin yana nan jikin kamarar, maɓallin nan mai alamar +/-, ka ƙara zuwa +1 ka duba, in kayan sun fara ƙonewa har ba'a ganin ɗinki ka dawo baya kaɗan. A waya ma akwai, ka taɓa fuskar a sikirin alamar rana ko wani layi zai fito sai ka ja sama. Ya ƙara min da cewa matsalar ta daɗe tun zamanin fim, a shekarun 1950 Kodak na raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace da ake daidaita launi dashi, wato da farar fata aka auna komai tun farko, kuma ko a 2021 da Google suka fitar da Pixel 6 ɗaya daga abinda suka tallata shine Real Tone, gyara don fatar masu duhu ta fito yadda take. Naji daɗin wannan bayanin sosai, saboda da yawa muna ɗauka mune bama kyau a hoto.

Sai bayan nan ya bari na ɗauko kamara. Abu uku ne yace suke juya komai. Akwai ƙofar haske ta cikin lens, wadda ake rubutawa da f, kuma abinda ke rikita mutane shine ƙaramar lamba itace babbar ƙofa, f/1.8 a buɗe take wangale f/16 kuma ɗan tsukukun rami. Akwai shata, wato tsawon lokacin da kamara zata bar haske yana shiga. Sai ISO, wato lambar da in ka ɗaga ta hoto ke ƙara haske ko da hasken wajen kaɗan ne. Lens ɗina in na zuƙo zuwa 55 baya wuce f/5.6, shi kuma ya ara min 50mm f/1.8 ɗinsa, ɗan ƙarami ne nauyinsa wajen giram 160, na ɗauka a cikin ɗakin nan mai duhu hoto ya fito ras bayan mutum ya narke yayi laushi. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 hasken dake shiga ya kusa ninki goma, kaga kuwa dole dare ya riƙa bani wahala. Amma ya ja min kunne, yace kar daɗin narkewar bayan nan ya ɗebe ka, in mutum biyar ne a layi biyu ka ɗauka da f/1.8 to na gaba ne kawai zasu fito na baya sun tafi, ka koma f/5.6 ko f/8. In mutum ɗaya ne kuma ka ɗora fokos a idon da yafi kusa da kai, ba hanci ba ba riga ba.

Shata kuwa ya bani lambobi na rubuta a takarda, 1/125 na daƙiƙa ga wanda ke zaune ko tsaye, 1/500 ga yaro mai gudu, kuma kar in sauka ƙasa da 1/80 da wannan lens ɗin in a hannu nake riƙe da kamarar, saboda a irin tawa 50mm tana zama kamar 80mm. ISO ne na daɗe ina tsoro don naji ance yana kawo yashi-yashi a hoto, shi yasa na kafe shi a 100 ko da dare. Yace ƙanena ɗaga shi, 1600 ko 3200 ba komai, yashi ana rage shi a kwamfuta amma hoton da ya girgiza ba mai ceto shi. Kuma bai tilasta min saitin M, wanda kai ke saita komai da hannunka, ba irin yadda wasu keyi kamar wani sharaɗi ne, yace in zauna a saitin Av in zaɓi ƙofa da ISO kamara ta zaɓi shata, ni dai in riƙa sa ido a lambar.

Ɓangaren fitilu na tafi da sauri, kuma anan korafina na farko yake. Mu shida ne a ajin kuma lokacin ya ƙure, kowa bai wuce minti biyar ba a gaban fitila. Abinda na kama dai, fitila in tana da faɗi kuma tana kusa da mutum haskenta yafi taushi, shi yasa suke sa mata akwatin farin ƙyallen nan, in ka ninka nisanta da mutum hasken ba rabi yake komawa ba, kwata yake komawa, sannan in da filasha kake aiki galibin kamarori basa son shata ta wuce 1/200 ko 1/250, in ka wuce sai kaga baƙin layi ya yanke hoton. Ya nuna mana wani salo da ake sa fitila sama a gefe har ɗan haske mai kusurwa uku ya fito a kumatun da ke inuwa, sunan Rembrandt aka sa masa, mai zanen nan na ƙasar Holan na ƙarni na 17. Kuma yace wanda bashi da fitila ta biyu ya samu farin kwali ya riƙe ta gefen inuwar, aikin kenan. Maganar launin haske ma sai da na tambaya, me yasa hotona na cikin ɗaki ke yin ruwan ɗorawa, sannan yace a ma'aunin launin haske hasken rana wajen 5500K yake, ƙwan fitila mai ja-ja kuma wajen 2700 zuwa 3200, in ka haɗa su biyu a fuska ɗaya ba saitin da zai gyara, ka kashe ɗaya kawai. Wannan a ganina ya kamata ace yana cikin darasin tun farko ba sai an tambaya ba.

Sati na zagayowa na kawo mahaifiyata da yaran. Nan kam ba abinda zance sai Allah ya saka. Mahaifiyata bata son hoto, da taga kamara sai ta ɗaure fuska ta sandare, shi kuwa bai ce mata yi murmushi ba ko sau ɗaya, kujera ya kawo mata mai makari yace Mama zauna ki huta tukun muna gyara fitila, ya hau tambayarta wane jikan ne yafi ƙiriniya, tana cikin bashi labari tana dariya ashe yana ta dannawa. Yaran kuma durƙusawa yayi ƙasa kamara ta zo daidai idonsu, ni kuwa kullum daga tsaye nake ɗaukarsu kai ya fito ƙato ƙafa ta tsuke. Bai gaji ba ko da ƙaramar ta fara kuka, ya bada minti goma aka lallashe ta aka cigaba.

To ga inda raina ya ɓaci. An ce kwana uku hotuna zasu fito sai da sukayi tara, kuma ni nake ta kira ba su suke sanar dani ba. Da suka fito ɗin kuma na buɗe hoton mahaifiyata sai naga wata mata daban, an haske mata fata an goge duk layukan fuskarta tayi sumul kamar roba, har ɗan tabon da ke gefen girarta da muka taso muna gani babu. Naji abin har zuciyata. Mutumin da ya tsaya yana min bayanin yadda fatarmu zata fito da kalarta, a wajensa kuma ake wankar mutum da kwamfuta haka. Na koma nace Malam wannan ba itace ta haife ni ba. Gaskiya bai yi gardama ba, ya bada haƙuri yace yaron ya saba ne da masu cewa a haska su, ya zaunar dashi a gabana aka dawo da asalin, ƙurji ɗaya kawai aka cire da ɗan ƙyallin goshi, basu ƙara min komai a kuɗi ba. Amma da tun farko sun tambaya ai da ba'a kai nan ba, don haka kai da zaka je ka faɗa da bakinka tun kafin a ɗauka irin gyaran da kake so da wanda baka so.

Wani abu kuma, ta WhatsApp suka fara turo min a matsayin hoto, shi kuwa matse hoto yake ya rage masa girma. Kace a turo maka a matsayin fayil ko ka je da filas ɗinka na ajiyar fayil. Lissafin mai sauƙi ne, wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato ƙaramin hoto inci 4 da 6 yana buƙatar 1200 da 1800, kamara mai megafiksil 24 kuma tana bada 6000 da 4000 wanda zai kai wajen inci 20 da 13 ba tare da ya fashe ba, to in ka wanke babba daga wanda aka matse zaka gani a fuska. Asalin fayil ɗin RAW kuma, wato ɗanyen hoton da kamara ta ɗauka ba'a matse ba, basa bayarwa, JPEG ne kawai, wannan tsarinsu ne ban ga laifinsu ba amma ka sani kafin kaje in kana son gyara da kanka.

Wankin nasu yayi kyau sosai. Sun fara fitar da ƙarami na gwaji suka nuna min saboda hoto a takarda yakan fi na sikirin duhu, shi sikirin haske ne ke fitowa ta bayansa, aka ƙara masa kaɗan sannan aka fitar da babban a takarda mara sheƙi don zai shiga firem mai gilashi. Fasfo ma na ɗauka tunda naje, kuma sai da suka tambayi na wace ƙasa ne, domin da yawa milimita 35 da 45 suke karɓa Amurka kuma inci 2 da 2, minti goma na karɓa.

In yau ka sayi kamara ko ma waya ce kawai gareka kuma hotonka na baka haushi, ni dai nace kaje ajin, amma ka tambayi mutum nawa ne ranar, in sun wuce uku ka nemi wata rana, ka je da batir cike da memori mara komai da tambayoyinka a rubuce. Wanda ya riga ya iya saitin kamara fitila yake son koya, kwana ɗayan nan bazai ishe shi ba. Aikin gida da ya bani shine taga ɗaya fuska ɗaya na sati guda, safe da rana da yamma, kar in canza waje kar in canza lens. Yau kwana biyar da na fara, babbar ƴata ce ke zauna min, kuma na la'asar ɗin jiya shine hoto na farko da na ɗauka da hannuna da nake son in kai musu su wanke min.