Popcon na Debian: na ji daɗinsa, amma me ya sa aka ɓoye shi?

Na fara amfani da popularity-contest, wanda aka fi sani da popcon, wato manhajar da ke ƙidayar abin da mutane ke amfani da shi a tsarin Linux na Debian, saboda wani takaici da har yau idan na tuna raina yakan ɓaci. A wani tsarin Linux da nake kai a lokacin, na shiga shagon manhajoji ina neman abin da zan riƙa ajiye rubuce-rubucena na aiki. Na ga wata manhaja taurari sun cika mata gefe, yabo kuma ba a magana. Ban tsaya duba kwanan watan yabon ba, na saka ta. Kusan shekara biyu duk abin da ya zo mini a kai, a cikinta nake zubawa: tsarin aiki, adireshin shafuka, bayanan da na tattaro da kyar.

Ranar da na sabunta tsarin zuwa sabon fitowa, na nemi manhajar sama ko ƙasa na rasa. An cire ta daga ma'ajiya, don masu kula da ita sun daɗe da watsar da ita. Fayilolina suna nan, amma a wani irin tsari nata na kanta wanda babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi. Kwana uku na yi ina tayar da tsohon tsarin a wata kwamfuta, ina kwafe rubutu shafi bayan shafi da hannu. Wasu hotunan da na liƙa a ciki ban same su ba har yau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na koma na duba yabon nan da ya ja ni, duk na shekarun baya ne. Taurarin suna nan daram, mutanen da suka ba da su kuwa sun yi gaba tuntuni.

Bayan wannan ne na koma Debian. Wajen girkawa akwai wata tambaya da mutane da yawa ke tsallakewa: ko kana son shiga popcon, ƙidayar amfani da manhajoji? Amsar da aka riga aka zaɓa maka ita ce a'a, sai ka ga dama ka canza. Ni na ce e, ba don na san amfaninsa ba, don dai na ga ba a tilasta mini ba. Sai daga baya na leƙa shafin popcon na rubuta sunan waccan manhaja da ta yi mini aika-aika. Wallahi na daɗe ina kallon zanen. Layin masu amfani da ita ya shekara da shekaru yana gangarowa, tun kafin ranar da na saka ta. Da na ga wannan zane minti ɗaya kacal a wancan lokacin, da ban zuba mata ko layi ɗaya ba.

Abin da ya burge ni a popcon shi ne bai tsaya ga "mutum nawa suka saka" ba. Ya raba lissafin. Akwai "inst", wato kwamfutocin da ƙunshin (manhaja a yadda Debian ke rarraba ta) yake cikinsu. Akwai "vote", waɗanda suka taɓa shi a cikin kwana 30 da suka wuce. Akwai "old", waɗanda suka saka amma suka bar shi yana kwance. Sai "recent" na waɗanda suka sabunta shi kwanan nan, don haka ba a iya tantance ko amfani suke yi da shi, da kuma "no-files" inda bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Tsakanin "inst" da "vote" nan maganar take. Manhaja tana iya zama a dubban kwamfutoci don kawai ta zo tare da tsarin, babu mai buɗe ta. Wata kuma masu ita kaɗan ne, amma kusan dukkansu kullum suna cikinta. Ta biyun nan ita nake nema, kuma taurari ba su taɓa nuna mini ita ba.

Yadda yake gane hakan ma ba wani sihiri ba ne. Kowane fayil a Linux yana ɗauke da lokacin da aka buɗe shi na ƙarshe. Popcon yana bin fayilolin kowane ƙunshi ya duba wannan lokaci, ya haɗa rahoto, ya aika sau ɗaya a mako. Ba ya aika sunanka, wata lamba ce da aka ƙirƙira kara zube take wakiltar kwamfutarka. Ni mutum ne mai zargi a kan duk abin da ke fitar da bayani daga na'urata, saboda haka na buɗe rahoton da kaina a /var/log/popularity-contest na karanta. Sunayen ƙunshi ne da lokuta da hanyar fayil, shi ke nan. Kuma duk ranar da na gaji, umarnin dpkg-reconfigure popularity-contest ya isa in fita. Wannan gaskiya da gaskiyar ta sa na saki jiki. Debian ma tana amfani da lissafin wajen tsara manhajojin da za su shiga faifan girkawa na farko, ka ga rahoton nawa ba a banza yake tafiya ba.

To amma fa, a nan ne daɗin ya fara raguwa.

Ina ake ganin wannan lissafi? A wani shafi can daban, wanda sai ka riga ka san da shi za ka je. A lokacin da nake buƙatarsa, wato lokacin da na rubuta apt search, umarnin neman manhaja a Debian, sunaye ashirin suka zubo mini, babu ko alama ɗaya da ke nuna wanne mutane ke amfani da shi, wanne ya zama kufai. Debian 12 da ta fito a 2023 tana da ƙunshi sama da 64,000. A cikin wannan teku, sabon shiga zai zaɓa ne da sunan da ya fi yi masa daɗi a kunne, kamar dai yadda na yi. Bayanin yana nan, an tara shi shekara da shekaru, amma tsakaninsa da mai zaɓe akwai katanga. Kullum sai in buɗe burauza a gefe, in kwafi suna, in liƙa, in jira zane, in dawo, in sake da na biyu. Idan sunaye biyar nake kwatantawa, kafin in gama na manta lambar na farko. Duk lokacin da nake wannan zirga-zirga sai kwana ukun nan su dawo mini, in ce yanzu haka wani yana can yana saka matacciyar manhaja alhali lamba ɗaya a gefen sunan za ta cece shi.

Masu Arch, wani tsarin Linux, sun fi kusa da abin da nake so. A AUR, ma'ajiyar da masu amfani da Arch ke zuba manhajoji, kusa da kowane suna akwai ƙuri'u da kuma lambar farin jini, kuma kowace ƙuri'a tana rage nauyi kullum, ana ninka ta da 0.98 a kowace rana. Ke nan yabon shekarun baya yana narkewa da kansa, ba ya zama ya yaudari na baya. Flathub, wani shagon manhajojin Linux, shi ma yana nuna yawan saukewa a shafin manhajar. Sai dai saukewa ba amfani ba ce, kuma ƙuri'a sai mutum ya tuna ya kaɗa. Popcon ya fi su ingancin awo, su kuma sun fi shi sanin inda ake ajiye lamba.

Akwai kuma abin da na koya da zama. Lambar tana iya karkata. Waɗanda suka ce e ne kaɗai ake ƙirgawa, kuma cikinsu akwai sabobi masu yawa, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta intanet, da ba su da allo ma, shi ya sa manhajar zane ko ta sauti za ka ga lambarta ƙarama kusa da kayan saba, ba don ba ta da kyau ba. Abin da ke tashi da kansa idan an kunna kwamfuta yana samun "vote" ko mai ita bai san da shi ba. Abin da ka saka ta Flatpak, hanyar da Flathub ke amfani da ita, ba ya cikin lissafin. Saman jerin kuwa dpkg ne, mai girka ƙunshi, da 'yan uwansa, waɗanda babu Debian sai da su, don haka duba saman bai gaya maka komai. Dole ka kwatanta manhajoji masu aiki iri ɗaya, kuma ka kalli inda layin ya dosa, ba tsayinsa kawai ba.

Wani abu ya kusa jefa ni a rami. Akwai ɗan umarni mai suna popcon-largest-unused da ke jero manyan ƙunshin da ba ka amfani da su, don ka samu wuri a faifai. Na gudanar da shi, sai ga manhajojin da nake buɗewa kullum a cikin jerin. Har na fara shakkar komai, sai na tuna na saka noatime a saitin faifaina, wanda ke hana tsarin rubuta lokacin buɗe fayil. Ashe watanni ina aika rahoton da ke cewa ba na taɓa abubuwan da na fi so. Na mayar da shi relatime, saitin da ke barin a rubuta lokacin, wanda shi ne na asali tun 2009, bayan 'yan makonni jerin ya daidaita. Wanda duk ya saka noatime ya kula da wannan kafin ya goge wani abu bisa shawarar jerin nan.

Har yanzu popcon yana kunne a kwamfutata, kuma na kunna shi a ta biyu. Ba na saka manhajar da zan damƙa wa aikina sai na ga zanenta. Manhajar rubutun da nake amfani da ita yanzu layinta a miƙe yake, kuma tana ajiye komai a rubutu zalla wanda kowane edita zai buɗe. Amma ba zan ce na gamsu ba muddin sai na fita daga apt kafin in ga lambar da kwamfutata da kanta take taimakawa a tara duk mako.